Makullin da Aka Mayar

Bindigar ƙanƙara muke ce mata. Sandunan jan ƙarfe ne guda biyu a jere. Wutar lantarki ke bi ta cikinsu ta cilla daskararriyar iskar haidurojin, ƙarama kamar ƙwayar shinkafa, zuwa cikin tukunyar da wutarta ta fi rana zafi. Ni shara nake yi a zauren da take.

Duk mai shiga zauren sai ya zare makulli daga allon bakin ƙofa ya rataya a wuya. Muddin makulli ɗaya bai koma ba, injin ba ya tashi.

Ran nan da safe na tarar da Hauke, tsohon makaniken bindigar, yana cin burodi da kifi a bakin ƙofa.

"Imke, yau ma ba gaisuwa? Ko muryar a gida kike barinta?"

"Ina kwana," na ce, kaina a ƙasa.

"Ashe tana da baki. Yi sauri, 'yar nan, yau za mu harba. Dokta Dohrn tun bazara take jira, ko kofi ta daina sha da mu."

Na zare makulli na shiga. Makullin yana ta bugun bokiti idan na sunkuya, sai na rataye shi a hannun keken shara, na zagaya bayan tankin sanyi inda ruwa ke ɗiga. Can famfuna ke ruri, ba a jin komai.

Da na fito babu keken. Ƙofar kankare ta rufe, fitilu sun koma ja.

Muryar shugabarmu, Dokta Dohrn, ta fito daga lasifika. "Makullai sun cika, zaure babu kowa. A fara tara wuta."

Wani gunji ya taso daga ƙasa, ina jinsa har a haƙorana. Ɗan ƙarfen da na kama gashina da shi ya fara motsi, maganaɗisun injin na jansa. Idan aka harba, hasken da ke fita daga tukunyar ba ya barin mai rai lafiya, shi ya sa bangon yake da kauri haka. Na ruga na bugi ƙofar. Kamar na bugi dutse. Na buɗe baki, abin da ya fito ko ni ban ji shi ba.

A jikin ginshiƙi akwai jan maɓalli cikin murfin roba. Idan aka danna komai zai mutu, ƙanƙarar ta narke, aikin watanni ya lalace, kowa kuma ya sauko ya ga wadda ta jawo. Na ɗaga murfin na tsaya. Gunjin ya koma siririn fito. Na rufe ido na danna da tafin hannu.

Komai ya yi tsit.

"Wa ya danna?" in ji lasifika.

Na kai bakina kusa da ɗan akwatin magana da ke jikin ginshiƙin. "Ni ce, Imke. Ina ciki."

Ƙofar ta fara ja a hankali. Hauke ne ya fara shigowa, fuskarsa ta yi fari fat kamar takarda.

"Ni na mayar da makullinki," ya ce. "Na ga keke a hanya, na zaci kin tafi karin kumallo."

Ya jingina da bango ya sulale ƙasa. Ni ma na zauna kusa da shi.