Kafintan da ke kan allon talla

Kafinta yana da haƙora masu kyau, su kuwa suka ja masa.

Shekara biyu ke nan da ƙodojinsa suka daina aiki. Litinin, Laraba da Juma'a yakan rufe shago ya tafi asibiti, ya kishingiɗa a kujera ta huɗu daga ƙofa, a soka masa allura biyu a hannun hagu, inji ya yi awa huɗu yana wanke masa jini. Mafitarsa ɗaya ce, ƙanensa Auta, direban motar wata makaranta, mai ƙoda biyu lafiyayyu da jini irin nasa. Wata shida Inna ta yi tana bin Auta da magana kafin ya yarda zai ba da ɗaya. An sa ranar gwajin ƙarshe, ashirin ga wata.

Wata Laraba sai ga mutanen ma'aikatar lafiya a ɗakin wankin ƙoda, su biyar, da ƙamshin turare da takalma masu ƙara. Gwamnati ta buɗe gangami, tana so jama'a su yi rajista su bar ƙoda da ido ga masu buƙata in sun mutu. An buga riguna, an buga huluna, an yi taro uku a otal. Fuskar da za a sa a talla kaɗai ta rage.

Daraktansu ya bi kujerun yana leƙa majinyata yadda Kafinta ke zaɓen katako.

Nas ta ce, "Ranka ya daɗe, waɗannan fa jira suke yi. Waɗanda aka yi wa dashe ranar Talata suke zuwa."

"Mun gan su," in ji Darakta. "Magani ya kumbura musu fuska kamar burodi. Wa zai ga wannan ya ba da ƙoda?" Ya tsaya a kujera ta huɗu. "Malam, ɗan yi murmushi mu gani."

Kafinta ya yi. Tun yana ƙarami aka koya masa yi wa manya murmushi.

Suka ce hoton na kiran jama'a ne su taimaki irinsa. Ya sa hannu a takarda da dama, tun da hagu na cikin robobi. Da aka cire shi daga inji, jiri na ɗibarsa, suka zura masa riga mai dogon hannu don ta rufe jijiyar da ta kumbura kamar igiya, suka miƙa masa sabon zarto. Zarton yankan ƙarfe ne. Ya faɗa musu, mai kyamara ya ce ba wanda zai lura. Auta, da ya zo ɗaukarsa, shi aka ba farin kwali ya riƙe don haske ya faɗa kan haƙoran.

Bayan kwana goma hoton ya hau allon shataletale, girmansa ya kai gaban gida. Ƙarƙashin haƙoran an rubuta: AN BA NI ƘODA, NA KOMA AIKI. KAI MA YI RAJISTA YAU.

Kafin ya isa gida falo ya cika da 'yan barka.

"Ja'iri!" in ji Goggo. "Har a yanka ka a ɗinke ba mu sani ba?"

"Goggo, ba a ba ni komai ba. Jibi ma ina da wanki."

"To gwamnati ce za ta hau tsani ta rubuta ƙarya da manyan baƙaƙe?"

Kawu, wanda ya taɓa aiki a ofis don haka ya san komai, ya gyara zama. Ya ce ko ba a ba shi ba tukuna, mutumin da gwamnati ta liƙa a shataletale ai shi ne na gaba a layi. To me ya yi zafi a farka cikin Auta, ga mata ga 'ya'ya ƙanana? Kowa ya gyaɗa kai. Inna ta dubi ɗanta na fari, ta dubi ƙasa. Daga ranar, in Kafinta ya kira wayar Auta, sai ta yi ta ƙara har ta katse.

Kafinta ya tafi ma'aikata. Ya ratsa kwalayen riguna da aka jibge a baranda, ya zauna a benci awa biyu, wani benci da ko almajirin kafinta zai ji kunyar cewa shi ya haɗa. Da aka shigar da shi ya tarar da kansa a kalanda bayan kujerar Darakta, yana riƙe da zarton ƙarfe.

"A'a, jakadanmu! Zauna, zauna."

"Ranka ya daɗe, a sauke allon nan. Ƙarya ce."

"Saƙo ne, Malam. Ka san rajista ta ninka uku tun da muka sa ka?"

"Cikinsu mutum nawa aka ciri ƙodarsa aka ba wani?"

Darakta ya yi dariya irin ta wanda ke bayani ga baƙauye. "Ai sai sun mutu. Kuma sai an kawo na'urar ajiya. Tana hanya."

"To a rubuta mini layi ɗaya, da hatimi, cewa ba a yi mini dashe ba. In nuna wa dangi."

Dariyar ta ɗauke. Darakta ya ce shekaranjiya Minista ya ambaci labarin Kafinta a jawabi, har muryarsa ta yi rawa, kuma ba ofishin da ke ƙaryata Minista da hatiminsa. In yana da ƙorafi ya rubuto, kwamiti zai duba. Ya danna ƙararrawa aka kawo wa jakada riga da hula.

Ranar sha tara Kafinta ya sami Auta a bayan makaranta yana wanke mota. Bai yi dogon gaisuwa ba. Ya naɗe hannun riga, ya kamo yatsun ƙanensa masu kumfa ya ɗora a kan jijiyar. Tana zillo a ƙarƙashin fata kamar ƙaramin inji.

"Ka ji? Wannan ta yi maka kama da ta wanda aka ba ƙoda?"

Auta ya zare hannunsa ya goge a wando. "Na sani, Yaya. Ni fa na riƙe musu kwalin."

"To gobe ƙarfe tara."

"Ai ban manta da kai ba." Ya laluba aljihu ya ciro wani kati mai ƙyalli da ɗan hoton zuciya a kusurwa. Fuskarsa fes, kamar wanda ya sauke buhu daga ka. "Na yi rajista. Tallarka ce ma ta sa ni. Duk ranar da na cika, ba ɗaya ba, duka biyun naka ne. Har ido in kana so."

Kafinta ya dubi katin, ya dubi mai katin. Shekara tara ya ba Auta. Ga Auta ba ya shan taba, ba ya cin gishiri da yawa, kuma a duk garin ba direban da ya kai shi tafiyar hawainiya.

"Allah ya ja da ranka, Auta," ya ce, ya saki hannun rigarsa.

Ashirin ga wata ta faɗo ranar Juma'a. Yana kujera ta huɗu ya ji ma'aikaciyar ɗakin gwaji tana kiran mai ba da ƙoda a baranda. Sau uku ta kira, sannan ta wuce ga na gaba.

A kujera ta uku an kawo sabon majinyaci, wani dattijo da tsoro ya cika masa ido. Ya daɗe yana ƙare wa Kafinta kallo.

"Ɗana, ba kai ne na shataletale ba? Ƙodar ta lalace ne tun yanzu?"

Kafinta ya miƙa wa nas hannun hagu, haƙoransa a ɓoye.