Tambayar da Ta Kori Malam Ƙasimu

Maijidda ta daɗe tana aikin jinya a wani ƙaramin asibiti da ke gefen Masanawa. Zazzaɓi ta sani, awon ciki ta sani, rigakafin yara kuwa ba a magana. Abin da ba ta saba da shi ba shi ne ciwon da gwajin jini ba ya nunawa. Shi ya sa da aka buɗe wa ma'aikatan jinya bitar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ake yi a Gwarzo ƙarshen kowane wata, ta ba da sunanta.

A zaman farko Malam Lukuman, mai koyar da su, ya ce mai ciwon damuwa ba kasafai yake zuwa ya ce damuwa ke damunsa ba. Ciwon kai yake kawowa, ko kasala, ko faɗuwar gaba. Ya ba su tambayoyin tantancewa da Turanci, ya ce kowa ya mayar da su Hausa a gaban majinyaci.

Ana dab da zama na biyu sai ga Malam Ƙasimu, wani dattijon manomi. Ƙanensa Ja'afar ne ya kawo shi a kan sabon babur. Ja'afar ya ce yayan nasa, tun rasuwar matarsa bara, ya bar zuwa gona, ya bar zaman majalisa, an sha maganin zazzaɓi har an gaji.

Maijidda ta gwada hawan jini, ta ga ba komai. Sai ta tuna darasi, ta gyara zama.

"Baba, kana yawan baƙin ciki?"

Malam Ƙasimu ya ɗago kai. Ya dube ta, ya dubi makullin babur a hannun ƙanensa.

"Baƙin ciki? Ni? Wa zan yi wa baƙin ciki? Don Allah ya ba ƙanena wake bana ya sayi babur? Ja'afar, abin da ka faɗa mata ke nan?"

"Yaya, wallahi ban ce..."

"Ni na koya maka riƙon fartanya."

Ya tashi ya fita, ya koma gida da ƙafa. Ita ɓacin rai take nufi, shi kuma hassada ya ji. Washegari Ja'afar ya dawo shi kaɗai, ya ce Yaya ya mayar da kwanon tuwon da ake kai masa daga gidansa, alhali tun rasuwar shi ne kawai abincinsa. Yayan ya kuma rantse ba shi ba asibiti.

Da wannan Maijidda ta tafi Gwarzo. Da ta ba da labarin, Zailani, nas daga Getso, ya riƙe ciki don dariya.

"Haba Sista! A gaban mai sabon babur? Ai ko ni sai na yi fushi."

Malam Lukuman ya bari dariyar ta lafa. "To, ku da kuke dariya, majinyatanku yaya suke faɗin abin da bakinsu?"

Wata ta ce, "Zuciyata ta yi nauyi." Zailani ya ce, "Komai ya fita daga raina." Wani ya ce, "Duniya ta yi mini zafi." Malam ya rubuta su a allo. Ya ce a fara da barci da abinci, a tambayi mutum shi kaɗai, a kuma bar shi ya zaɓi kalmarsa, sannan a riƙe ta. Ya juyo ga Maijidda.

"Kada ki jira ya dawo. Ki same shi. Kuma tambaya mai nauyin nan, ta ko yana tunanin mutuwa, kada ki tsallake ta."

Da ta koma gida, bayan la'asar, ta sami Malam Ƙasimu zaune a zaurensa. Ta zauna daga bakin ƙofa, aka gaisa, ya gida, ya aiki, ya ƙarin haƙuri. Yana amsawa ba ya kallonta.

"Baba, gafara na zo nema. Bakina ne ya yi kuskure. Ja'afar bai ce komai ba sai dai ba ka da lafiya."

Sai ta soma yi masa tambayoyi a hankali.

"Yaya barci?"

"Yakan zo, ya gudu kafin asuba."

"Abinci fa?"

"Kamar ƙasa a baki."

"Gona?"

Ya daɗe yana murza carbinsa. "Likita, tun da mai ɗakina ta rasu, kamar an aza mini dutsen niƙa a ƙirji."

"Dutsen nan, yakan sa ka ji gara ma ka bi ta?"

"Ina tsoron Allah," ya ce a hankali. "Ba zan yi wa kaina komai ba. Amma tunanin yakan zo."

Ta ce masa wannan ciwo ne kamar sauran, ba raunin imani ba ne, kuma ana maganinsa. Ta ce akwai wanda ya fi ta sani a Gwarzo, tana so ya gan shi ran Talata, ita kuma za ta riƙa leƙowa.

"Shi ma tambayoyi zai yi?"

"Zai yi, Baba."

"To ki ce masa ya yi a hankali."

Ya jawo takalmansa, ya miƙe da ƙyar.

"Taso mu je gidan Ja'afar. Abin da kika faɗa mini, ki maimaita a gabansa. Na yi masa faɗa a banza, kuma ni ban iya ba yaro haƙuri ba."