Katakon da Gara Ta Ci

Baba bai faɗi ba. Juyawa kawai ya yi a shagonsa na kafinta zai ɗauko zarto, ƙashin kwatangwalonsa ya karye kamar busasshen kara. Hoton da aka ɗauka a asibiti ya nuna dalili: ciwon dajin da ake masa magani tun bara ya kai ga ƙashin, ya rarake shi ta ciki.

Yaya ya ja mu baranda, ni da Umma. "Kada wanda ya faɗa masa. Karaya ce kawai, kun ji ko?"

Kwana uku Baba yana kwance. Zafin ƙafar bai ci masa rai kamar tasar bayan gida da ake tura masa a kan gado ba. Da Yaya ya ɗauko ta sai Baba ya juya fuska bango har a gama.

Likitar ƙashi ta same mu a barandar ta ce hanya biyu ce. Ko a ɗaure ƙashin da ƙusoshin ƙarfe a jira ya haɗe, ko a cire kan ƙashin gaba ɗaya a dasa na ƙarfe, a kafe shi da wani siminti na asibiti. Aiki na biyun ya fi ɗaukar lokaci, ya fi zubar da jini.

"A yi ƙaramin," in ji Yaya. "Tsoho ne, kada a wahalar da shi."

"Shi za a yi wa aikin," ta ce, "shi zan tambaya." Ta shige ɗakin, muka bi ta.

Ambulan ɗin hoton yana hannuna. Baba ya saurari bayaninta, sannan ya dube ni.

"Auta, miƙo min abin nan da kike ta ɓoyewa a bayanki."

Yaya ya harare ni. Duk da haka na miƙa.

Baba ya ɗaga hoton saitin taga, ya ƙanƙance ido kamar yana duba katako a kasuwa. Ya bi ƙashin da babban yatsansa, ya tsaya a kan wani duhu.

"Likita, wannan ai gara ce ta ci."

"Kusan haka ne, Baba. Ciwon ne ya kai wurin."

"Na sani tun ranar da na ga idon uwarsu." Ya juya ga Yaya. "Kai, shekara nawa ka yi kana riƙe min guduma? Ka taɓa ganin ƙusa ta kama katakon da gara ta ci?"

"Baba, tsoro nake ji..."

"Ni ma. Likita, in aka sa na ƙarfen, yaushe zan taka?"

"In komai ya tafi daidai, washegari. Amma ba zai warkar da ciwon ba, akwai sauran magani a gaba."

"Wannan na Allah ne. A yanke ruɓaɓɓen, a sa sabo."

Awa uku aka yi ana aikin. Umma ta ja carbi har yatsunta suka yi sanyi, Yaya kuwa ya auna barandar da ƙafa ya fi sau ɗari.

Washegari da hantsi mai gashin ƙashi, wanda ke koya wa marasa lafiya tafiya, ya shigo da ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu. Ya zaunar da Baba a bakin gado, ya bari jirin ya wuce. Baba ya damƙe ƙarfen, jijiyoyin hannunsa suka tashi, ya miƙe. Umma ta rufe baki da mayafi.

"Taku biyu ya isa yau, Baba," in ji mai gashin ƙashin.

"Kai dai riƙe ni ta nan."

Na ƙirga a zuci. Taku goma sha ɗaya ne daga gado zuwa banɗaki, gumi na ɗiga daga gemunsa. Yaya ya matso zai bi shi ciki, Baba ya tare shi da gwiwar hannu.

"Ina za ka? Tsaya nan."

Ya tura ƙofar, ta yi ƙara ta cije, sai da ya ƙara turawa ta rufu. Muka tsaya cirko-cirko muna saurare. Can sai muryarsa ta fito daga ciki, da ƙarfinta.

"Wane ragon kafinta ne ya kafa musu ƙofar nan?"

Umma ta fashe da dariya, hawaye na bin kumatunta.