Matakalar Ticha Boadu

"Kai, kai, kai! Ɗaga burushin nan!"

Maame Pokuaa ta fito daga ɗakin ɗinkinta a guje, tef ɗin awo na reto a wuyanta, takalmi a ƙafa ɗaya. Amma ina, ta makara. Mai fenti ya riga ya sauko matakala goma sha ɗaya daga sama, ya dame su da jan fenti mai duhu, fararen layukan da ke bakin kowace matakala duk sun tafi. Saura shida.

"Wa ya sa ka?"

"Wa ya sa ni kuma? Masu gida mana." Ko ɗagowa mutumin bai yi ba. "Maame, ki matsa kar in ɓata miki zane."

Layukan nan ita ta ja su da hannunta shekara biyu da suka wuce, saboda Ticha Boadu, tsohon malamin firamare da ke haya a ɗakin ƙarshe na saman bene. Shi ya koyar da ita a aji huɗu, kuma har yau da take da jika ɗaya kallon 'yar aji huɗu yake mata. Ciwon ido ya cinye masa gani, abin da ya rage masa bai wuce ya bambance haske da duhu ba. In ya tsaya a sama ya dubi ƙasa, benen gaba ɗaya gangara guda yake gani. Wata nas a asibitin ido ce ta ce a ja masa farin layi a bakin kowace matakala. Pokuaa ta auna faɗin yatsa uku da tef ɗinta, ta durƙusa wuni guda tana shafawa. Tun ranar, kullum safiya tsohon ke saukowa shi kaɗai, ya sayi koko da ƙosai a bakin titi, ya zauna kusa da keken ɗinkinta yana gyara wa masu karanta labarai a rediyo Turancinsu.

Ta nufi gindin mangwaro inda Wofa Antwi, babban dangin masu gidan, ke nuna wa masu kafa rumfa inda za su dasa ƙarafa. Ɗan 'yar'uwarsa Ofori ne ya rasu a hatsarin mota, gawar ta yi wata biyu a mutuware, ranar Asabar za a yi jana'iza. Kuma a unguwar Bantama ba a taɓa karɓar baƙin makoki a gida mai tsohon fenti ba.

"Wofa, ina kwana. Wofa, layukan nan idon Ticha ne."

"Lafiya lau. Waɗanne layuka?"

"Na bene."

Ya juyo ya ƙare mata kallo daga sama har ƙasa. "Pokuaa, ke fa ba baƙuwa ba ce a Kumase. Yaro ɗan shekara arba'in da ɗaya ya mutu, kina so dangin ubansa su taso tun daga Mampong su tarar da fari a gidan nan? Fari na wanda ya ci shari'a ne, na wadda ta sauka lafiya. So kike a ce 'yan haya murna suke?"

"To a sa ruwan ɗorawa."

"Ruwan ɗorawa!" Ya dubi masu rumfa, suka kwashe da dariya. "Gidan makoki ne nan ko tashar mota?"

"Wofa, mutumin nan ba ya gani."

"Bayan kwana arba'in ki zana masa har bakan gizo, ba ruwana. Yanzu dai ja da baƙi. Kai, ba nan ba, can!"

Shi ke nan, ya juya mata baya. Ta tsaya kamar ta yi bindiga don haushi. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne ta san ba mugunta ba ce. Da ƙaninta ne a mutuware, wataƙila ita ma da haka za ta ce.

Da fentin ya bushe da yamma ta hau wajen Ticha. Yana zaune a bakin gado, hannu biyu a kan sanda.

"Ticha, ka sauko ɗakina ka zauna kwana arba'in ɗin nan. Ni sai in riƙa kwana a wajen maƙwabciyata Adwoa."

"In kwana cikin ƙyallayen mata? Allah ya sawwaƙe."

"To kar ka sauko sai na zo."

"Pokuaa, shekara talatin ina hawa benen nan. Goma sha bakwai ne. Wa ya koya miki ƙidaya?"

"Kai ne."

"To ki bar ni da abata. Ke da sai da na yi wata uku kafin ki daina tsallake bakwai."

Ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ta sauko tana tsaki.

Ranar Alhamis da sassafe ta ɗauki allin da take zana yadi da shi, ta bi bakin matakalun ɗaya bayan ɗaya. Kafin hantsi matan dangi sun zo wanke gida, suka kwarara ruwa da omo tun daga sama, alli ya bi rariya. Ɗaya daga cikinsu har da cewa yaran gidan nan ba su da tarbiyya. Ranar Juma'a Pokuaa ta kamo hannun Ticha ta sauko da shi, yana fizgewa yana faɗa.

"Sake ni! Akuya ce ni da za a ja ni kasuwa?"

"Gobe dai ka jira ni. Ƙarfe goma zan hau in ɗauko ka. Ka ji, Ticha? Goma."

"Na ji, Hedimasta."

Asabar ta zo da hayaniyarta. Tun da safe lasifika ke ruri, ganguna na amsawa, tsakar gida ta cika da mutane cikin jajaye da baƙaƙen zannuwa. An naɗe ƙarfen da ake dafawa a bene da jan ƙyalle da baƙi tun daga sama har ƙasa, an ƙulla manyan furanni na yadi a jiki. Ɗakin Pokuaa kuwa ba masaka tsinke. Wannan rigarta ta matse, waccan zif ya ɓalle, kowacce tana cewa ita ta fara zuwa.

Tara da rabi, tana durƙushe a bakin ƙofa da allurai a baki tana kama wa wata gefen zane, ta ɗaga kai. Ga Ticha nan a tsakiyar bene. Ya yafa baƙin zanensa a kafaɗar hagu yadda ya kamata, ya sa takalmin fita kunya. Tsohon ɗan haya ba zai bari baƙi su riga shi miƙa wa dangi hannu ba. Yana saukowa a hankali, leɓunansa na motsi. Daga inda take tana iya karanta su. Goma sha uku. Goma sha uku.

Ba ta kira shi ba, don kar ta rikita shi. Ta dai miƙe.

"Ticha! Ticha Boadu!"

Wani ƙaton mutum mai sarƙar zinariya ne ya ɓullo daga rumfa, hannu a buɗe. "Ni ne Frimpong! Frimpong mai satar lemo! Ticha, ina kwana!"

To, a ƙasar nan ba a gai da dattijo ya yi shiru, ko a kan igiya yake tafiya. Ticha ya tsaya cak, fuskarsa ta washe.

"Lafiya lau, ɗana! Frimpong ɗan Akosua? Ya mahaifiyar taka? Ƙafar tata ta yi sauƙi? Ya mai ɗakinka? Yaran fa, nawa ne yanzu? Ya hanya?"

Pokuaa ta tofar da alluran, ta fara kutsawa cikin mutane. Tana ganinsa. Gaisuwa ta ƙare, leɓunan suka sake motsi sau ɗaya, suka tsaya. Ya sunkuyar da kai ya dubi ƙasa, ja ne a ƙarƙashinsa, ja a gabansa, don har dandamalin gindin benen an shafe. Muryar Frimpong kuma ga ta nan dab da kunnensa. Sai ya miƙa ƙafa gaba sosai, irin takun wanda ya iso ƙasa.

"Ticha, saura!"

Ganga ta haɗiye muryarta. Hannunsa ya cafki ƙarfe, ƙyallen ya zame ya biyo shi har da furannin.

Ƙashin ƙugu ne ya karye, kansa kuma ya bugi siminti. A asibiti ya yi kwana huɗu. Rana ta biyu ya farfaɗo sosai, ta kai masa kunu a flas, ya sha cokali uku ya kau da kai.

"Pokuaa."

"Na'am, Ticha."

"Matakala nawa suka rage?"

"Uku."

"Uku." Ƙirjinsa ya girgiza da wata 'yar dariya da ta sa shi tari. "Sifili bisa goma. Kar ki faɗa wa 'yan ajinku."

Ta so ta yi masa faɗa, ta ce ba goma muka yi da kai ba? Ta gyara masa filo kawai. Ranar Laraba da azahar, tana kan keke tana ɗinki, wayarta ta yi ƙara, daga asibiti ne.

Wofa Antwi ya zo har ƙofarta da yamma, ya tsaya yana girgiza kai. "Lokacinsa ne ya yi, Pokuaa. Dattijon kirki."

"Lokacinsa?" Ta taka keken da ƙarfi har zare ya tsinke. "Faɗin yatsa uku, Wofa. Yatsa uku na roƙe ka."

"Ki iya bakinki, baƙin ciki ne ke sa ki." Ya tafi abinsa.

Mako bakwai gawar ta yi kafin 'ya'yansa su haɗu daga Takoradi da ƙasashen waje. Mutum ɗan shekara tamanin da huɗu, ya ga jikoki ya ga tattaɓa-kunne, irin wannan ba a yi masa ja. Farin zane ake ɗaurawa, a yi godiya. Wofa Antwi ya tsaya a tsakar gida ya ce duk unguwar nan sai ta san an girmama Ticha a gidansu. Ranar Talata sai ga mai fentin nan ya dawo da manyan bokitai biyu.

Pokuaa ta same shi a saman bene. Wannan karon ba ta yi ihu ba, ta gaji.

"Ɗan'uwa, ka bar mini bakin kowace ɗaya da jansa. Siriri kawai. Akwai tsofaffi da za su hau."

"Ja a jana'izar dattijo? Haba Maame. So kike a kore ni daga aiki?" Ya tsoma burushi. "Fari aka ce, fari tas."

Ranar Juma'a babbar 'yar Ticha ta roƙe ta ta sauko mata da kwalin littattafansa, za a jera su a gefen gadon da za a kwantar da shi. Pokuaa ta hau, ta tattara su, ta rufe taga, ta rungumo kwalin ta fito. Rana na tsaka. Ta tsaya a saman bene ta dubi ƙasa.

Idonta ƙalau yake, har yau ba ta neman wanda zai zura mata zare a allura. Amma hasken ya daki fentin ya dawo mata a fuska, benen ya zama abu guda fari fat daga ƙafarta har tsakar gida. A ƙasa mata na ta jera kujeru, ba wadda ta ɗago. Ta gyara riƙon kwalin, ta zare takalmi ɗaya, ta miƙa babban yatsanta a hankali tana laluben inda matakalar farko ta ƙare.