Abin da Ruwa Ya Zana

Malama Rauda, wadda aka turo firamaren Yashe daga Kankiya, ba ta rabo da ƙirƙiro aiki. Da damina ta kankama sai ta ce kowane yaro ya nemo farin ƙyalle ya shimfiɗa a waje, ya jera ganyaye a kai, ya barbaɗa shuni da jar ƙasa, ya danne da duwatsu. Ruwa ya doka, rana ta gasa, sannan a ga zanen da zai fito. Iyaye suka yi ta tsaki, amma ƙyallaye suka hau saman soraye.

Fatsuma ba ta tambayi 'yarta Basira inda ta samo nata ba, ga gona ga girki. Sai ranar da yarinyar ta sauko da shi da hantsi, tana murna, ta fara warwarewa a tsakar gida. Yadi ya yi ta miƙewa, sai Fatsuma ta gane shi. Likkafanin Inna Kulu ne, uwar mijinta, wanda ta jiƙa da ruwan zamzam shekarar da ta je aikin hajji, ta adana a ƙasan adaka tana jiran ranarta.

Fatsuma ta ɗaga hannu za ta kai mari, sai hannun ya tsaya a sama. Shuni ya rine ko'ina, ganyen darbejiya ya fito raɗau a gefe-gefe. Amma a tsakiya akwai wurin da ruwa bai taɓa ba, fari fat: siffar mutum kwance a kan hannun dama, ga kai, ga kafaɗa, ga sawu. Kuma siffar gajera ce.

"Ke kika kwanta bisa?"

"Wallahi Umma ganye kaɗai na aza."

Fatsuma ta dubi siffar, ta dubi 'yarta. Ba sai an kawo igiyar awo ba, uwa ta san tsawon abin da ta haifa. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba, ta jawo Basira bayanta ta riƙe gam.

Sai ga ƙarar sanda, Inna Kulu ta fito daga ɗaki. Doguwar mace ce, ko tsufa bai rage mata tsawo ba, ga faɗa kamar ta ari baki. Ta daɗe tana kallon ƙyallen. Ta dubi jikarta, ba ta yi faɗan ba.

"Mi kuka tsaya kallo? Kayana ne. Ni na saya, ni na jiƙa, sunana ke gare shi."

Ta jingine sandar, ta tuɓe takalmi, ta sauka a hankali bisa ƙyallen ta kwanta a kan hannun dama. Ƙafafunta suka zarce farin wurin da nisa. Sai ta shiga naɗe gwiwoyi, ta duƙar da wuya, ta ƙanƙame jiki, gaɓoɓi na ƙara, har ta shige cikin siffar kaf, ko yatsa bai leƙo waje ba.

"Fatsuma, duba da kyau," in ji ta. "Daidai ni, ko?"

Hadari ya fara haɗowa daga gabas, kaji suka yi tsit.

"Daidai ke, Inna," Fatsuma ta ce, hawaye na zuba, kuma ba ta saki hannun Basira ba.