Ƙararrawar Ƙwai

Kowa a gonar ƙyanƙyasar kajin nan Injiniya yake ce masa, ban da yayansa, wanda ko a gaban manaja Auta yake kiransa. Shi ya shimfiɗa netwok ɗin gonar, wato wayoyin da ke haɗa na'urorinta, kuma yana ji da aikin nan kamar me. Gini huɗu ne: ofis, sito, ɗakin injinan ƙyanƙyasa, sai ɗakin sa ido inda Yaya ya shekara tara yana zama gaban allo. Kowane gini da suwic ɗinsa, akwatin da ke rarraba saƙo, waya ta haɗa su ta zagayo kamar zobe, in ta tsinke ta nan saƙo ya juya ya bi ta can. Cikin wayar kuma ya raba hanyoyi, abin da masu sana'ar ke kira VLAN: lamba goma ta kwamfutocin ofis, ashirin ta kyamarori, arba'in ta ƙararrawar da ke ihu idan ɗumin ƙwai ya sauka. Duk wanda ya yi gangancin tsayawa kusa da shi sai ya sha bayanin zobe, har matarsa ta haddace.

Ranar Juma'a wata motar abincin kaji ta fizge wayar da ke tsakanin ɗakin ƙyanƙyasa da na sa ido. Ko gezau, zobe ya yi aikinsa, ofis na ta harkarsa. Ranar Lahadi da rana hitar da ke ɗumama inji na uku ta mutu. Ƙwai dubu talatin, saura kwana uku su ƙyanƙyashe, suka yi sanyi ƙalau kafin yamma. Yaya ne ke kan aiki. Manaja ya dakatar da shi, ya ce a jira kwamiti ranar Alhamis.

Litinin da sassafe Injiniya ya kifa bokiti a sito ya zauna, ya jona kwamfutarsa da suwic ɗin wurin. Yana buɗe jerin lambobin da aka bai wa izinin wucewa, sai ya ga babu arba'in. Goma, ashirin, shi ke nan. Ya tuna sarai. Daga baya aka sayo ƙararrawar, ya sa arba'in a gajeriyar hanya, wayar nan da mota ta fizge, ya ce zai ƙarasa ɗaya ɓangaren in ya ci abinci. Shekara biyu ke nan yana cin abincin nan! Kuma duk cika bakinsa bai taɓa zare waya ya gwada ba. Ashe tun Juma'a allon Yaya ya daskare a kan lambar ƙarshe, ƙararrawa kuwa ta yi ta ihu a hanyar da ba ta ɓullewa.

To, me mutumin naku ya yi? Ya waiga, ba kowa. Ya rubuta arba'in, ya adana, ya goge tarihin canje-canje, ya mayar da bokiti inda ya gan shi. Wallahi ba a yi minti biyu ba. Ya ce wa ransa gyara ya yi, ai gyara aikinsa ne.

Ran bai yarda ba. A gida ya ture kwanon abinci. Matarsa ta tambaye shi ko zazzaɓi ne, ya daka mata tsawa ba gaira ba dalili, ya dawo yana ba ta haƙuri. Ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba, don Yayan nan shi ya bar makaranta saboda Auta ya yi karatu.

Laraba da ya tashi daga aiki bai nufi gida ba, gidan Yaya ya wuce. Ya tarar da Yaya a falo, rediyo a kashe, kakinsa a goge a rataye bayan ƙofa. Matar Yaya ta ajiye masa ruwa, ba ko tsokanar da ta saba, ta koma ciki. Kafin ya buɗe baki Yaya ya riga shi. Ya ce akwai abin da ya ɓoye wa kowa: wata takwas ke nan idonsa na dama ya yi hazo, kunne ma sai a hankali. Lambobin allo yanzu cinta yake yi. Ya ce gobe zai faɗa wa kwamiti gaskiya ya ajiye aiki, kada ya sake kashe wa mutane dukiya.

"Yaya, ba kai ba ne," in ji Injiniya. "Ƙararrawar ba ta iso wurinka ba. Ni na manta ban buɗe mata hanya ba."

Ya zayyane komai, har bokitin. Yaya ya saurara har ƙarshe, sannan ya yi ɗan murmushi. Ya ce jiya manaja ya kawo wani injiniya daga waje, aka kira shi ya tsaya. A gabansa aka gwada, waya a tsinke, ƙararrawa ta bi ta ɗaya hanyar ta yi ihu har ɗakin sa ido. Baƙon ma sai yabon aikin yake.

Injiniya ya rantse cewa shi ya gyara ranar Litinin. Yaya ya tambaye shi ina shaida. Shaidar kuwa Injiniya da hannunsa ya goge ta.

"Allah ya yi maka albarka, Auta," in ji Yaya. "Amma ba za ka ɓata sunanka don ka rufa min asiri ba. Ko ka faɗa gobe, ni zan ƙaryata ka."

Ya laluba kan tebur ya turo masa takarda da biro. Ya ce a rubuta masa takardar ajiye aikin, don shi ba ya ganin layin. Injiniya ya riƙe biron, Yaya ya gyara zama ya fara faɗa masa abin da zai rubuta.