Hannun Mudassir a Aljihu

Duk Dangora an san Mudassir da ɗaukar kansa hoto. In ya yi aski sai ya ɗauka, in ya ci tsire a Kwanar Dangora sai ya ɗauka. Ya miƙa hannun dama sama, ya karkace baki, ya watsa a Fesbuk. Ba ya yarda kowa ya riƙe masa waya, wai duk mai ɗaukarsa hanci yake ɓata masa.

Da ya tafi Lafiya aikin injin casar shinkafa, ƙaninsa Nazifi ne ke nuna wa Inna hotunan. Mudassir ɗanta ne na fari, ko sunansa ba ta faɗa. Sai ta kalli wayar da wutsiyar ido ta ci gaba da tankaɗe.

"Mutumin naka bai gaji ba?" Iyakarta ke nan.

Bayan girbi bel ɗin inji ya kama hannunsa na dama, aka yanke shi daga wuyan hannu. Daga gadon asibiti Mudassir ya kira Nazifi.

"Kar Inna ta ji, ka san hawan jininta. Zan ci gaba da sa hotuna, kai dai ka riƙa nuna mata."

Ya gwada da hagu, wayar na suɓucewa. Sai ya koma ba abokin aikinsa. Hotunan suka zama na tsaye, kai har ƙafa, hannun dama cikin aljihun kaftani. Abokai na rubuta masa, "Alhaji an girma." Nazifi kan karanta, ya rasa inda zai sa kansa, sannan ya wanke fuska ya shiga gida.

Wata Juma'a da hantsi ya miƙa mata sabon hoto tana surfe. Ta jingine taɓarya ta karɓi wayar, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Wa ke ɗaukarsa yanzu?"

"Abokinsa ne, Inna. Abin da ake yayi ke nan."

"Yaron da ko cokalinsa ba ya ba wani? Tun sanyi ban ga kafaɗar nan ta ɗaga ba. Dariyar ma ba tasa ba ce. Kira min shi, irin wanda ake ganin fuska."

"Ba sabis yau."

"Nazifi."

Ya kira. Fuskar Mudassir ta fito, wayar a jingine da wani abu, ya fara gaisuwa da zolaya, yana tambayar ko ta ajiye masa fura. Inna ta zauna a kan turmi, ta matso da wayar dab da idonta.

"Mudassir," ta ce. Nazifi bai taɓa jin sunan a bakinta ba. "Fito da shi in gani."

Can ɓangaren ana jin ƙarar inji daga nesa. Sannan kafaɗar Mudassir ta dama ta fara motsi, Nazifi ya juya ya fuskanci katanga.